Me Kika Kawo?

A can ƙarshen kudancin ƙasar Amurka, inda kogin Misisifi ke gama doguwar tafiyarsa ya zube cikin teku, akwai ƙasar Luwiziyana, ƙasar rake da shinkafa da fadamu masu kadoji. A nan aka haifi harshen da ake kira Kiriyol na Luwiziyana. Yawancin kalmominsa na Faransanci ne, amma a bakin bayin da aka kwaso daga Afirka ya yi wayo ya girma. A shekarar 1895 wani malamin Jami'ar Tulane da ke New Orleans, Alcée Fortier, ya buga littafin tatsuniyoyin da ya tattaro daga masu wannan harshe, kuma a cikinsu akwai ta ƙwai masu magana. Ita zan ba ku, da bakina ba da nasa ba. Roƙona ɗaya ne: kada mai karatu ya tsayar da idonsa kan 'yan matan biyu kaɗai, domin akwai mutum na uku a gidan.

Wata mata ce da 'ya'yanta biyu, Rose da Blanche, ciki ɗaya, nono ɗaya. Rose ta ɗebo kamannin uwar da halinta, shi ya sa uwar ke ji da ita. Ita ce mai zama a kujerar lilo a inuwar baranda tun safe har la'asar. Shara da wanke-wanke da ɗiban ruwa da hura wuta kuwa duk na Blanche ne, kuma ba a taɓa ce mata sannu ba.

Wata rana aka aiki Blanche rijiya. Ta cika bokitinta ke nan sai ga wata tsohuwa a tsaye, leɓɓanta a bushe, ta ce, "'Yata, ƙishirwa nake ji, sam mini ruwa." Yarinyar ta ɗauraye bokitin, ta sake jan sabon ruwa mai sanyi, ta miƙa mata da hannu biyu ta ce, "Ga shi, Tanti," don kuwa haka yaran can ke kiran kowace dattijuwa. Tsohuwar ta sha ta ƙoshi, ta sa mata albarka, ta wuce. Babu wanda ya gani. Ita kanta Blanche kafin ta iso gida ta manta.

Bayan 'yan kwanaki uwar ta kama ta da duka kan abin da bai kai ya kawo ba, dukan da ya sa ta ruga daji tana kuka. Ta rasa inda za ta sa kanta. Komawa gida wani dukan ne, gaba kuma duhuwa ce da ruwa. Tana cikin wannan hali tsohuwar nan ta ɓullo ta tsakanin itatuwa, ta ce, "'Yata, me ya same ki?" Da ta ji, sai ta ce, "Zo mu je wurina, ki ci abinci ki kwana. Amma ki yi mini alkawari, duk abin da idonki ya gani, ba za ki yi dariya ba."

Suka kama hanya. Itatuwan ƙaya na buɗe musu suna rufewa a bayansu. Can sai ga gatura biyu suna faɗa da juna, babu hannun da ke riƙe da su. Gaba kaɗan hannuwa biyu na dambe, babu jiki. Sai ƙafafu biyu, sai kawuna biyu suna karo. Blanche ta gani, gabanta ya faɗi, amma ta kame bakinta. Da suka shiga bukka, tsohuwar ta zauna a bakin murhu, ta kama kanta da hannu biyu ta cire shi daga wuya, ta ɗora a cinya tana cire ƙwarƙwata. Da ta gama ta mayar da shi mazauninsa. Yarinyar ba ta ce uffan ba.

Wannan sharaɗi na hana dariya yana da nauyi, kuma ina ganin mutanen da suka san zafin a yi musu dariya ne kaɗai za su sa shi a farkon jarrabawa. Kafin a gwada aikin yarinyar, kafin a gwada haƙurinta, sai da aka gwada ko tana iya ganin baƙon abu a jikin wani ta bar masa mutuncinsa.

Tsohuwar ta ba ta wani busasshen ƙashi ta ce ta sa a tukunya. Ta sa, ta zuba ruwa, ba ta tambayi abin da ƙashi zai yi wa mutum biyu ba. Kafin a jima tukunya ta cika da nama. Ta ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya tak ta ce ta surfa. Ta jefa a turmi, ta ɗaga taɓarya, turmi ya cika har yana zuba. Suka ci suka ƙoshi. Sai tsohuwar ta juya mata baya ta ce ta sosa mata. Bayan nan duk fasassun kwalabe ne. Blanche ta sosa har yatsunta suka yi jini, ba ta janye hannu ba. Tsohuwar ta kama hannun ta hura masa iska, ya warke nan take.

Da gari ya waye ta ce, "Yanzu sai ki koma gida. Amma shiga akurki tukuna. Ƙwan da ya ce ki ɗauke shi, ɗauka. Wanda ya ce kada ki ɗauke shi, bar shi. In kin hau hanya ki riƙa jefa su ta bayanki ɗaya bayan ɗaya." Blanche ta shiga, akurki ya kaure da surutu, waɗansu na cewa a ɗauke su, waɗansu na cewa a bar su. Ta ɗebi waɗanda suka ba da kansu, ta yi godiya, ta fita. Duk ƙwan da ta jefa ya fashe, sai wani abu ya fito: zinariya, lu'ulu'u, tufafin da ba ta taɓa ganin irinsu ba, har da karusa da dawakinta.

To, a nan nake so mu tsaya, a ƙofar gida, mu dubi matar da ke tsaye a wurin.

Jiya da yamma yarinya ta fita daga gidan nan da riga ɗaya da sawun bulala a gadon baya. Dare ya yi, babu wanda ya ɗauki fitila ya bi sawunta. Uwar ta ci tuwonta ta kwanta. Yau ga yarinyar ta dawo cikin karusa, kuma uwar ta fito da gudu, baki har kunne, tana "'yata, 'yata", kalmar da rabon Blanche da jin ta daga wannan baki har ta manta. Aka share mata wurin zama. Aka kawo ruwa, ita da kullum take kawowa. Ku lura da tambayoyin da ba a yi ba. Ba a ce, ina kika kwana? Ba a ce, wa ya ba ki, kuma a bakin me? Ba a ce, mu ga bayanki, ya yi sauƙi? Mu da muka bi ta cikin dajin mun san dukiyar nan tsarkakakkiya ce, mun ga jinin yatsun da aka biya. Uwar ba ta sani ba. Da sata ce, da wani ne ya saye mutuncin yarinyar da ita, da irin wannan tarba za ta samu, da irin wannan guɗa. Idon uwar bai sauka kan fuskar 'yarta ba ko sau ɗaya, yana kan kaya yana ƙirgawa. Tambaya ɗaya ta yi da gaske, ita ce ta hanya: ta ina ake bi?

Washegari ta juya kan Rose. Tatsuniyar ta ce Rose ba ta son zuwa. Wannan wuri masu ba da labari kan wuce shi da sauri, ni kuwa a nan nake ganin zuciyar al'amarin. Malalaciya ce, gaskiya, mai tsiwa, mai raini, amma tana zaune a kujerarta ba ta nemi daji ba. Uwar ce ta tsaya a kanta. "Ke kina nan zaune, dubi 'yar'uwarki. Me ta fi ki? Ƙafa biyu gare ta, ke ma biyu. Sai yaushe za ki fitar da ni kunya? Tashi ki je, kada ki dawo mini hannu rabbana." Ba ta ce mata ki gaida tsohuwa ba. Ba ta ce ki taya ta aiki ba. Ba za ta iya faɗa ba, domin ba ta san akwai wannan a cikin lissafin ba, kuma shekara da shekaru ba ta koya wa yarinyar ko ɗauraye moɗa ba. Ta ba ta kwatancen hanya da sunan abin da za ta kawo, ta tura ta.

Rose ta tafi tana ƙunƙuni. Ta haɗu da tsohuwar, aka yi mata sharaɗin da aka yi wa 'yar'uwarta, ta amsa da baki. Da ta ga gatura na faɗa sai ta fashe da dariya. Hannuwa, ƙafafu, kawuna, duk ta yi musu. Da tsohuwar ta cire kai kuwa har da riƙe ciki. Aka ba ta ƙashi, ta harare shi, tukunya ta tafasa ta ƙone babu komai sai ƙashi. Aka ba ta ƙwayar shinkafa, ta ce wa zai ɓata ƙarfinsa kan wannan, suka kwana da yunwa. Duk da haka da safe tsohuwar ba ta hana ta akurki ba, kuma ba ta ɓoye mata komai ba. Abin da ta faɗa wa Blanche shi ta faɗa mata, kalma da kalma.

A cikin akurkin Rose ta yi tunani irin na gidansu. A gidansu abu mai kyau ɓoye shi ake yi, a hana wani a ba wani. Don haka ta ce a ranta, waɗannan da ke cewa kada a ɗauke su, ai su ne na kirkin, tsohuwa rowa take yi. Ta kwashe su. Da ta hau hanya ta jefa na farko, sai macizai. Na biyu, kwaɗi. Na gaba, bulali masu tashi da kansu, suka bi ta suna tsula mata har jini ya fito. Ta ruga tana ihu, kuma ina ta nufa? Gida. Wurin Mama. Duk rashin kirkinta, da wuya ta yi wuya uwarta ta kira.

Uwar na bakin ƙofa tun da hantsi tana hangen ƙurar karusa. Da ta ga abin da ya dawo, yarinya jina-jina, tufafi a yage, hannu babu komai, sai ranta ya ɓaci. Ba ta jawo ta ciki ba. Ta kore ta, ta ce ta koma dajin ta zauna can. 'Yar lelen ke nan, mai kama da ita, wadda ta shekara goma sha tana yi wa fifita.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya gane ƙashin wannan labari. Ita ce tafiyar 'yar bora da 'yar mowa zuwa Ruwan Bagaja, da abubuwan al'ajabi a hanya, da ƙwan da ake fasawa a dawowa. Ba abin mamaki ba ne a ji ƙamshin Afirka ta Yamma a ciki. Jiragen bayi sun fara isa Luwiziyana a 1719, shekara ɗaya bayan kafa New Orleans, kuma masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta nuna a littafinta na 1992 cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka kai zamanin mulkin Faransa daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su. Mutanen shinkafa ne, sun san turmi sun san taɓarya, kuma da iliminsu aka fara noma ta a bakin Misisifi. Ƙwayar nan guda da ta cika turmi ba daga Faris ta zo ba. Amma akwai bambancin da ya hana ni barci tsakanin tamu da tasu. A tamu akwai kishiya, akwai wanda za a ɗora wa laifi a ce ai ba ita ta haifa ba. A ta Kiriyol an cire wannan mafaka. Uwa ɗaya ce ta haifi duka biyun, ta doki ɗaya har ta gudu, ta tura ɗaya har ta halaka, kuma mizanin da ta auna su da shi bai taɓa sauyawa ba.

A tuna su waye ke ba da wannan tatsuniya, kuma a ina. Fortier jikan Valcour Aime ne, ɗaya daga cikin manyan masu gonakin rake na gundumar St. James, mai gidan da saboda ƙawarsa ake kwatanta shi da fadar Versailles ta sarakunan Faransa. Labaran da ya rubuta, a bakin zuriyar mutanen da suka sare raken irin waɗannan gonaki suke, waɗanda in kakar matsar rake ta zo daga Oktoba ake aiki dare da rana ba a kashe wuta. New Orleans ita ce kasuwar bayi mafi girma a Amurka kafin yaƙin basasarsu. Dokar Luwiziyana ta hana a sayar da yaron da bai kai shekara 10 ba a raba shi da uwarsa. A juya maganar a ji ɗacinta: ranar da ya cika goma, ya zama kaya. Matan da ke zaune a ƙofar bukka da dare suna ba jikoki wannan labari sun ga an buɗe bakin yaro an duba haƙoransa, an matsa damtsensa, an yanka masa kuɗi gwargwadon abin da zai iya kawowa. Ba su da ikon hanawa. Sai suka zauna suna ba da labarin macen da babu mai sayen da ya zo ƙofarta, babu dokar da ta tilasta ta, amma da kanta ta kafa wannan kasuwa a tsakar gidanta. Ina ganin a wurinsu babu abin tsoro a duk tatsuniyar da ya kai wannan, har da tsohuwa mai cire kai.

Suna da labaran kwaɗayi masu ban dariya, ba su rasa ba. Akwai Buki, kuren nan da ya ƙetaro teku tare da Wolofawa, da abokinsa Zomo; a Haiti ma ana ba da labarin Buki tare da wani mai wayo da suke kira Ti Malis. A ɗaya daga cikin na Luwiziyana, Buki ya ji ƙamshi a tukunyar Zomo, ya yi ƙaryar ciwon haƙori, da Zomo ya sa yatsa don ya duba sai ya datse shi har sai da ya faɗi inda yake samo ƙwan tsuntsaye. Zomo ya ce a ɗauki ɗaya daga kowace sheƙa don kada iyayen su farga. Buki ya kwashe duka, tsuntsaye suka farga, jikinsa ya gaya masa. Yara kan yi dariya su kwanta, kuma sun yi daidai, domin kwaɗayin Buki a cikinsa yake, da ƙafarsa ya je, a bayansa aka rama. Na uwar Rose wani iri ne. Tana zaune a inuwa, ƙafar wani ke shiga ƙaya, bayan wani ke karɓar bulala. In an dace, ita ce uwar mai karusa, maƙwabta su zo barka, ta ce tarbiyyarta ce. In an faɗi, ba ta san zancen ba, yarinya ce ta lalace, ta jawo wa gida abin kunya.

Kuma ba sai mace ba. A sa uba a bakin wannan ƙofa, ko kawu, ko yayan da ya riƙe ƙanne, labarin ba zai rasa ko gaɓa ɗaya ba. A sa ɗa namiji a madadin Rose ma haka. A mayar da dajin wani gari mai nisa, ko wata kujera da aka samu aka zauna a kai, ko hanyar da ake bi da dare. Maganar da ake yi wa yaron ba ta sauyawa: dubi ɗan wane, shekarunku ɗaya, ya rushe gidansu ya gina sabo, ya kai uwarsa ya kai ubansa, kai me kake jira? Ba a taɓa ce masa ɗauki ƙwan da aka hana ba. Ba a buƙatar a faɗa. Ya isa a nuna masa kullum cewa hannun da ya dawo cike shi ake sumbata, a bar shi ya ƙarasa lissafin da kansa a cikin akurki. Yaro kamar tulu yake, abin da aka zuba masa shi zai tsiyaye, kuma Rose ba ta tsiyaye komai ba sai abin da aka shekara ana zuba mata.

Ina tausayin Blanche, amma ita Allah ya haɗa ta da wadda ta ga ƙishirwar da ta kashe. Tausayina ya fi yawa ga Rose, duk da tatsuniyar ba ta nemi a tausaya mata ba. An so ta son da bai koya mata komai ba, aka cuce ta da hutu, sannan rana ɗaya aka ce ta je ta ci jarrabawar da ba a taɓa nuna mata ko harafinta ba. Laifinta nata ne, ita ta yi dariya, ita ta miƙa hannu ga abin da aka hana. Amma macizan ba su san hanyar gidan ba sai da aka aike ta.

A 1989 wani marubuci Ba'amurke, Robert San Souci, ya sake rubuta wannan tatsuniya don yara, Jerry Pinkney ya yi mata zane, littafin ya sami yabon Caldecott a shekarar da ta biyo. A cikin nasa, abubuwan da suka fito daga ƙwan sun haɗa da uwar suka kora, ita ma ta sha gudu a daji ta dawo cikin taɓo, Blanche kuma ta tafi birni. Na gane dalilinsa. Yaro na son ya ga mai laifi ya ɗanɗana, kuma adalcin da ke ciki yana sanyaya rai. Amma tsofaffin da suka ba Fortier labarin ba su yi wa kansu wannan sassauci ba. A tasu, bulala ko ɗaya ba ta taɓa uwar ba. Ta kori Rose, ta rufe ƙofa, ta koma ciki inda zinariya take da 'yar da ke iya kawo ta. Su da suka ga masu cinikin 'ya'yan mutane suna tsufa lafiya a gidaje masu baranda, ana gaishe su a coci da kasuwa, ba su yarda su gaya wa jikokinsu cewa irin wannan uwa tana gamuwa da hukuncinta a bainar jama'a ba.